Buhun Sama Ake Fara Saukewa

A ba ɗan firamare 3 + 4 × 2, in ya riƙe karatunsa zai ce 11. A danna wannan lissafi a ƙaramar kalkuletar mai shago, sai ta fito da 14, domin tana ganin 3 da 4 take haɗe su, tun ba ta kai ga alamar sau ba. Yaro yana iya leƙa ƙarshen layi kafin ya fara aiki. Kwamfuta kuwa ɗaya bayan ɗaya take karanta alamomi. To, ina za ta ajiye 3 ɗin nan har layi ya zo kansa?

Dabarar irin ta 'yan dako ce a sito: buhun da aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Masu rubuta manhaja suna ware wa lambobi irin wannan tari a ƙwaƙwalwar na'ura. Wasu Jamusawa biyu, Friedrich Bauer da Klaus Samelson, sun nemi rajistar mallakar dabarar a 1957.

Da farko ana sake jera lissafin yadda kowace alama za ta biyo bayan lambobinta: 3 4 2 × +. Kwamfuta ta ɗora 3, ta ɗora 4, ta ɗora 2. Da ta ci karo da ×, sai ta sauke biyun sama, ta buga su, ta mayar da 8. Yanzu tarin ya zama 3 a ƙasa, 8 a sama. Alamar + ta zo, ta sauke su duka, ta ɗora 11. Layi ya ƙare, lamba ɗaya ta rage, ita ce amsa.

Inda sababbin hannu ke tuntuɓe shi ne ɗebewa da rabawa. A lissafin 8 2 −, lamba 2 ce ke fara saukowa, amma ita ake cirewa daga 8. Wanda ya juya su zai samu −6 maimakon 6.

Sake jerin ma da tari ake yin sa. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya bayyana hanyar a 1961, ya kwatanta ta da tashar da ake juya taragun jirgin ƙasa: alamar + takan koma gefe ta jira × ta wuce. Kalkuletar HP-35 ta 1972 kuwa ba ta ma da maɓallin =, mai ita ne ke shigar da lambobi tukuna, alama ta biyo baya.