Rawar Manyan Tayoyi a Motocin da Aka Ɗaga

A ƙasar Amurka, inda motar a-kori-kura ta daɗe da zama abin hawan manomi da magini da ɗan birni baki ɗaya, akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin ma'abota irin waɗannan motoci, wato mutum ya sayi motarsa sabuwa fil, sa'an nan ya kai ta gareji a ɗaga jikinta da inci 4 ko 6, a kwance tayoyin da kamfani ya ɗaura mata, waɗanda galibi tsayinsu bai wuce inci 31 ko 32 ba, a maye gurbinsu da na inci 35 ko 37 masu manyan haƙora. Cikin waɗanda suka sa al'adar ta shahara akwai Bob Chandler, mutumin St. Louis a jihar Misuri, wanda tun wajen 1975 ya dinga ƙara wa motarsa Ford F-250 tsayi da girman taya, har ta yi suna a duniya da laƙabin Bigfoot. Wasu larura ce ke kai su, kamar mutanen tsibirin Aisilan da ke ɗaura tayoyin inci 38 har 44 domin ratsa dusar ƙanƙara. Wasu kuwa sha'awa ce kurum. To, amma ko larura ce ko sha'awa, da yawa daga cikinsu sukan haɗu a kan kuka guda: motar da a da take tafiya sumul, yanzu da ta hau kwalta ta miƙe sai sitiyari ya kama kaɗawa a hannu, kujera na tsuma, madubi na rawa har ba a iya tantance abin da ke baya. Hukuncin nan kuwa ɗaya ne a kan Hilux ko Land Cruiser da aka yi wa irin wannan aiki a kowace ƙasa, domin ƙa'idar ƙarfe da roba ba ta sauyawa da sauyin wuri.

Asalin mas'alar shi ne, babu wata taya da ke fitowa daga masana'anta nauyinta a rabe daidai wa daida ta kowace fuska. Taya ginin hannu da inji ce, ana jera shimfiɗun roba da zare da wayar ƙarfe ɗaya bisa ɗaya, kuma duk inda bakin shimfiɗa ya hau kan ɗan'uwansa, nan wurin zai ɗara sauran nauyi da ɗan kaɗan. Muddin mota na tafiya a hankali, wannan ɗan rinjaye ba ya bayyana. Amma wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya san yadda ɗan dutsen da bai kai cikin tafi ba yake jan hannu da ƙarfi idan wulwulawa ta yi sauri, kuma haka wurin nan mai nauyi yake jan ƙafar mota, sama idan ya zo sama, ƙasa idan ya zo ƙasa. Lissafi ya tabbatar da cewa idan gudu ya ninka sau biyu, jan yakan ninka sau huɗu. Tayar inci 35, idan mota na gudun kilomita 100 a awa, takan juya kimanin sau 10 a kowace daƙiƙa, kuma rinjayen giram 100 kacal a bakin haƙoranta yakan zama ja mai ƙarfin kusan kilo 18, wanda ke fizgar aksul sama da ƙasa sau 10 kafin mutum ya ja numfashi ɗaya. Bugu da ƙari, ƙafar mota tare da sifirin ɗinta tana da wani ƙadari na tsalle da ɗabi'arta ta fi karɓa, wajen sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa, wanda shi ne dalilin da ya sa direba zai ce rawar ba ta zuwa sai ya kai gudun 90 ko 100, in ya wuce nan kuma ta ɗan lafa.

Maganin da kowa ya sani shi ne balansin. Ana ɗora taya da wilinta a kan inji, a rufe murfi, injin ya wulwula ta na 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan allonsa ya nuna adadi biyu, ɗaya na gefen ciki ɗaya na gefen waje, mai aikin ya juya tayar da hannu har fitila ta nuna masa wurin, ya ɗauko ɗan guntun nauyi ya buga shi da guduma a leɓen wili, ko ya ɓare takardar bayansa ya manna. Adadin ya zama biyu ne saboda rashin daidaito iri biyu ne: akwai wanda ke sa taya tsalle, akwai kuma wanda ke sa ta lilo hagu da dama, idan nauyin ya karkata zuwa gefe ɗaya na faɗinta. A da dalma ake amfani da ita wajen yin guntayen nauyin, amma saboda gubarta Tarayyar Turai ta hana ta a 2005, jihar Kalifoniya ta bi sahu a 2010, yanzu ƙarfe da tutiya sun fi yawa.

A nan ne girman taya yake fara nuna illarsa. Tayar da kamfani ya ɗaura ba ta cika wuce kilo 20 ba, alhali tayar taɓo mai inci 35 takan kai kilo 30 ko fiye, ba a ma haɗa da wili ba, kuma gwargwadon yawan roba gwargwadon yawan kuskuren da zai iya ɓuya a cikinta. Sa'an nan kuma aibin yana can bakin haƙora, inci 17 da rabi daga tsakiya, amma wurin da za a iya manna nauyin gyara leɓen wili ne, wanda a wilin inci 17 nisansa daga tsakiya inci 8 da rabi ne kawai. Saboda haka rinjayen giram 100 sai an sa masa wajen giram 200 kafin mizani ya tsaya. Shi ya sa akan leƙa cikin wilin irin waɗannan motoci a ga 'yan guntayen nauyi jere reras, wani lokaci har layi biyu, kuma kwana ɗaya a daji ya isa dutse ya kankare rabinsu. Ko bai kankare ba, taɓon da ya bushe ya ƙanƙame a cikin wili yana iya fin duk nauyin da aka manna, don haka mai hankali kan fara da wanke wili tas kafin ya zargi kowa.

Sai dai akwai wani al'amari da ya fi wannan zurfi, wanda a ganina jahiltarsa ce ta fi jawo asarar kuɗi da ɓacin rai tsakanin masu motoci da masu gareji. Taya tana iya zama nauyinta daidai, allo ya nuna sifili ciki da waje, amma duk da haka ta girgiza mota, domin daidaiton nauyi daban, cikar da'ira daban. Idan tayar ta ɗan yi tudu a wani wuri, ko kuwa jikinta ya fi tauri a wani ɓangare fiye da wani, to duk sa'ad da wannan ɓangare ya taka ƙasa zai tura aksul sama, kuma ko an manna mata dalmar duniya ba za ta warke ba, tun da ciwon ba na nauyi ba ne. Domin gano wannan ne kamfanin Hunter Engineering na jihar Misuri ya fito da wani inji a ƙarshen shekarun 1990, mai wani babban nadi da ke danne taya da ƙarfin fiye da kilo 500 tana juyawa, yana auna yadda take turo shi kamar dai tana bisa hanya. Idan aka gane tudun taya, aka kuma gane inda wili ya ɗan faɗa, sai a sace iska, a murza tayar a kan wilin har tudun wannan ya dace da kwarin wancan, aibi biyu su kashe juna. Wanda ya duba gefen sabuwar taya da kyau zai iya ganin ɗigon fenti ja da ɗigo rawaya: jan yana nuna tudunta, rawayan kuma yana nuna inda ta fi sauƙin nauyi, wanda ake so ya zo daidai da bawul. Masu ɗaurin taya da yawa ba sa ko kallonsu. Tayar da aka murza aka sake aunawa ta ƙi, babu abin da ya rage sai a mayar wa mai sayarwa da ita.

Wili ma yana da nasa laifin. Na kamfani an huda tsakiyarsa daidai da kan aksul, yana zama cif. Na kasuwa kuwa sau da yawa hudarsa ta fi faɗi domin ya shiga motoci iri-iri, sai ya zama notuna ne kaɗai ke tsayar da shi a tsakiya. Irin wannan wili wajibi ne a ɗora shi a injin balansin ta ramukan notunansa, kamar yadda zai zauna a mota, kuma a ɗaure notunan a hankali, wannan sa'an nan wanda ke fuskantarsa, mota tana kan jak. Game da 'yan ƙwayoyin tangaran ko gilashi da wasu ke zubawa cikin taya domin su watsu su daidaita ta tana tafiya, akwai saɓani a tsakanin masana. Abin da ya fi rinjaye shi ne suna taimakon tsalle a manyan tayoyi ƙwarai, amma ba sa gyara lilo, kuma laima tana dunƙule su.

Duk abin da ya gabata na taya ne. Ɗagawar ita kanta tana haifar da wata rawa dabam, wadda sababinta farfela ce, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul. A kowane bakinta akwai gaɓa mai siffar gicciye, kuma tun ƙarni na 17 masanin Ingila Robert Hooke ya gano cewa irin wannan gaɓa, idan ta yi aiki a karkace, ba ta miƙa juyi daidai: a kowane zagaye takan yi sauri sau biyu, ta yi jinkiri sau biyu. Hikimar masu ƙera mota ita ce su sa karkatar gaɓar gaba ta yi daidai da ta baya, saurin wannan ya shafe jinkirin waccan, kuma masu ƙera farfela suna so karkatar kada ta wuce digiri 3, bambancin biyun kuma kada ya wuce digiri 1. Da zarar an ɗaga jiki an bar aksul a ƙasa, wannan ittifaƙi ya warware. Alamarta ba ta ɓuya ga mai lura, domin farfela tana juyawa wajen sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda haka rawarta ƙarama ce mai sauri, gurnani ne da ake ji a tafin ƙafa da ƙasan kujera, yana ƙaruwa idan an taka totur, yana raguwa idan an ɗaga ƙafa. Rawar taya kuwa ba ruwanta da totur, gudu kaɗai take bi. Gyaran rawar farfela shi ne a cusa ɗan ƙarfe mai tsini a ƙarƙashin sifirin domin a gyara fuskar aksul, ko a sauya farfelar da mai gaɓa biyu a haɗe.

Rawa ta uku ita ce mai ban tsoro, har Amurkawa suna kiranta rawar mutuwa. Tana kama motocin da ƙafafunsu na gaba ke kan aksul guda miƙaƙƙe, irin su Jeep Wrangler da Ford F-250 da Ram 2500. Mota na cikin gudu lafiya lau, sai ƙafa ɗaya ta faɗa ɗan rami ko ta taka gaɓar gada, nan take ƙafafun gaba su kama kaɗawa hagu da dama da ƙarfin da zai kusa fizge sitiyari daga hannu, kuma ba ta bari sai an rage gudu ƙwarai ko an tsaya. Taya marar daidaito tana iya tayar da ita, amma tushenta sako-sako ne a bushin da notunan sandar da ke riƙe aksul kada ya goce gefe, ko a gaɓoɓin sitiyari, tare da raguwar wata 'yar karkata da aka yi wa ƙafar gaba domin ta riƙa komawa saiti da kanta, wadda ɗagawa ke cinyewa. Mutane da yawa sukan gaggauta ɗaura sabon shakazoba na sitiyari mai ƙarfi, rawar ta yi shiru, su ɗauka sun rabu da ita. Ni dai ban yarda da wannan ba a matsayin magani, domin gaɓar da ta ci tana nan tana ƙara ci, kuma akwai rayuka a cikin motar. Hanyar tahƙiƙi mai sauƙi ce: mota na tsaye a ƙasa, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, makaniki ya kwanta a ƙarƙashi ya ɗora hannu a kan gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, har ya ji wadda ke motsi kafin 'yar'uwarta.

Kada mai karatu ya fahimci cewa babbar taya haramun ce ga mota. Kamfanin Ford da kansa ya fito da F-150 Raptor ta 2010 da tayoyin inci 35, amma sai da ya faɗaɗa tsakanin ƙafafunta, ya sake mata hannuwa da shakazoba, ya daidaita giya da maleji da girman tayar. Wanda ya tashi daga inci 32 zuwa 35 bai gyara maleji ba, idan allura ta nuna masa 100, haƙiƙanin gudunsa wajen 109 ne, birkinsa kuma na fama da nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Saboda haka idan rawa ta zo, tertibin bincike ya fi gaggawar sayen kaya fa'ida. A lura da farko ko tana gushewa bayan tafiyar 'yan kilomita, domin babbar taya da ta kwana a tsaye cikin sanyi takan ɗan baje ta inda ta taka ƙasa, sai ta yi ɗumi take komawa da'irarta. In ba ta gushe ba, a duba inda ake jin ta: a sitiyari, galibi ƙafar gaba ce, a kujera, ta baya ce ko farfela. A mayar da tayoyin gaba baya a ga ko rawar ta bi su. In har shakka ta rage, a aro tayoyi da wili irin na kamfani daga wata mota a ɗaura a yi gwaji a kan hanyar nan da gudun nan. Idan motar ta natsu laifin na taya ne ko wili, idan kuwa ba ta natsu ba, sai a bar injin balansin a shiga ƙarƙashin mota da ma'aunin karkata.