Baƙin Tsirrai da Mai Masaukinsu, Sarkin Musulmi Bello

Wanda ya ratsa kasuwar Kamba, ko ya gangara fadamun Kwara wajen Illo da Bagudo har iyakar ƙasar Benin, zai ga rake da rogo da masara tuli, har ya zaci tun fil azal a nan suke. Alhali kuwa dukansu baƙi ne. Rogo da masara asalinsu ƙasashen Amurka ne, can ƙetaren teku, Turawan Fotugal ne suka kawo rogo gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Rake kuwa daga tsibiran gabas mai nisa ya taso, ya biyo ta Hindu, Larabawa suka kai shi Masar.

To, fatake sun sani, baƙo ba ya zama ɗan gari sai ya sami mai masauki. A ƙasar Sakkwato, sunan da ruwaya ta riƙe a wannan fage shi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansu. Ya hau gado a shekarar 1232 ta Hijira, watau 1817, ya rasu a Wurno a 1253, watau 1837. Shekaru ashirin ɗin nan cike suke da yaƙi da shari'a da wallafa littattafai, amma duk da haka bai rasa lokacin kula da shuka ba.

Masana tarihi sun ruwaito cewa shi ne ya kawo noman rake a ƙasarsa, ya kafa wurin dafa ruwansa a Gidan Maikara. An kuma jingina masa yaɗa rogo da rumman, da ban ruwa da jigo irin na mutanen Masar, watau doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan kai, nauyi a wancan, mutum ɗaya ya ɗebo ruwa ya shayar da lambu cikin tsakiyar rani. Mai karatu ya lura da hikimar da ke ciki. Rogo yana jure fari, yana zaune cikin ƙasa har ranar da rumbu ya ƙare. Jigo kuwa yana mai da rani lokacin aiki.

Ba sha'awar lambu kaɗai ta kai shi ga wannan ba. Bello masanin ilmin magani ne. Ya yi talifi a kan amfanin filasko, ya yi wani a kan maganin basir, kuma da Bature Kilafaton ya zo masa a 1824, cikin abin da ya nema daga Ingila har da likita. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da manoma da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban mai mulki. Ashe a wurinsa allo da garma ba kishiyoyi ba ne.

Bayan zamaninsa wani baƙon ya iso. Dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ɗan ƙasar Hindu ne. An dasa shi a Gana zamanin Gwamna Gagisba, tsakanin 1919 da 1927, ƙasar da ayarin goro ke nufa in sun ƙetare Kwara a Illo ko Gaya za su Gwanja. Daga can aka kai shi Barno a 1928. Ga shi yau ya zama inuwar makarantun allo da rumfunan kasuwa, ana dafa ganyensa saboda zazzaɓi.

Sai dai gatarin masu itace da gawayi ya fi hannun masu dashe sauri, hamada kuwa tana matsowa daga arewa. Malamai sun san ladar wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ya ci. Fatake kuma su ne masu ganin irin da ke wasu ƙasashe. Wanda ya dawo da iri mai amfani cikin jakarsa, ya dasa, ya yi masa shinge saboda awaki, ya ba shi ruwa har ya kama, shi ne ya gaji Bello a wannan fanni.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.