Malam Bello Kagara: Malami, Alƙali, Mawallafi

Duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya san sunan Ganɗoki, jarumin nan da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa. Amma kaɗan ne suka san cewa wanda ya rubuta labarin ya koyar da manyan ƙasar nan, ya kuma zauna bisa buzun alƙalanci a Katsina. Shi ne marigayi Malam Muhammadu Bello Kagara.

An haife shi a Kagara a 1890, a gidan malanta da shari'a, domin mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne. Yana yaro Turawa suka ci Kwantagora da yaƙi a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Bayan karatun gida, ya shiga makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Daga bisani ya zama malamin Larabci da addini a Kwalejin Katsina, inda irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙaga labari da Hausar boko. A lokacin malamai da yawa suna ganin rubuta abin da bai faru ba aikin banza ne, bai dace da mai ilimi ba. Malam Bello bai ga haka ba, ya shiga gasar. Littattafai 5 aka buga daga cikinta, har da nasa, Ganɗoki, da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam.

Abin da ya bambanta Ganɗoki shi ne ya fara da tarihi na gaskiya, wato yaƙin da marubucin ya taso a cikin ƙurarsa. Da aka ci su, sai jarumin ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, labarin ya koma na aljannu da ƙasashe masu nisa. Daga ƙarshe ya komo gida ya tarar zamani ya sake. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin mulkin Turawa ne ya rubuta wannan, hukumarsu kuma ta buga, amma bai rage wa waɗanda suka yaƙe su daraja ba.

Da ya bar koyarwa sai ya zama babban alƙali a Katsina, daga baya aka naɗa shi Wali. Aikin ba ƙarami ba ne. A wancan zamani alƙalan En'e suna shari'ar manyan laifuffuka bisa mazhabar Malikiyya, amma Turawa sun hana yanke hannu, Razdan kuma yana da ikon duba hukunci. Alƙali yana tsakanin littafi da hukuma ke nan, har zuwa 1960 da sabuwar dokar laifuffuka ta Jihar Arewa ta fara aiki.

Haɗa malanta da shari'a da alƙalami ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga, ya wallafa Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu hukunci, ya kuma bar waƙoƙi. Malam Bello ya bi wannan turba, sai dai ya ƙara mata ƙagaggen labari da boko. Ya rasu a 1971. Allah ya jiƙansa, amin.