Gyaran cikin tsohuwar Fijo 504 da sa mata kayan sauti: Abin da ya kamata a fara da shi

Motar Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, ta fito ne a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, har ta zama motar ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa. A yau wasu na zaƙulo ta daga garejin iyayensu domin su farfaɗo da ita. Sai dai da yawa kan fara da ɗinkin kujeru da sayen sifika, alhali su ne ya kamata su zo ƙarshe.

Matakin farko shi ne a kwashe kujeru da kafet a duba ƙasan motar. Robobin gilashi da na ƙofofi da suka shekara arba'in sun bushe, ruwan damina na shiga ya kwanta ƙarƙashin kafet, tsatsa ta ci ƙarfen. Wanda ya shimfiɗa sabuwar fata a kan wannan ɓarna ya binne kuɗinsa ne. A yi walda, a yi fenti, a sauya robobin, a kuma buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu.

Na biyu shi ne wutar motar, kuma a nan haɗarin yake. An ƙera altanetar motocin wancan zamani ne domin fitilu da ham da ƙaramin rediyo. Amfilifaya mai ƙarfin wat 500 kuwa, idan aka ƙure ta, za ta iya jan sama da amfiya 40 ita kaɗai a wutar bolt 12. Ke nan ko dai a sa altaneta mafi ƙarfi, ko a haƙura da matsakaiciyar amfilifaya. Kada a jona ta da tsofaffin wayoyin motar. A ja mata sabuwar waya mai kauri kai-tsaye daga batir, a sa fiyus kusa da batirin, kada tazarar ta wuce santimita 45. Duk inda wayar za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, domin girgizar hanya na iya feɗe ta, gobara ta tashi. A kula da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe: ta fi sauƙin kuɗi, amma ta fi saurin zafi. Araha ba ta ado. Haka kuma a bi da wayar wuta ta gefe guda, ta sauti ta ɗaya gefen, don kada ƙugin inji ya shiga sifika.

Na uku shi ne dashbod. Rediyon zamani yana da ma'aunin milimita 180 a faɗi da 50 a tsayi, kuma ba kowace tsohuwar mota ce raminta ya dace da shi ba. Idan mai gyara ya ɗauko zarto, a dakatar da shi. Dashbod na asali yana wuyar samu, kuma shi ne abin da mai saye ke fara kallo. Gara a bar tsohon rediyon a mazauninsa, a ɓoye amfilifaya mai Bluetooth a ƙarƙashin kujera, a riƙa sarrafa ta da wayar salula. Hakan nan sifikoki, a nema musu wurin da ba sai an yanka ƙarfe ba, kada garin neman gira a rasa ido.

Bayan an gwada komai ya yi aiki, sai a liƙa shimfiɗar rage ƙara a ƙasa da cikin ƙofofi. A zaɓi ta robar butil, domin mai kwalta kan narke ta yi wari a zafin Afrilu. Daga nan ne mai ɗinkin kujeru zai shigo. A gyara sifirin, a sa soso mai nauyi, a kuma ajiye tsohuwar rigar kujerar domin ya yanka sabuwa daidai da ita. Baƙar leda tana ƙuna a rana. Yadi mai kauri ko fata mai haske sun fi dacewa da yanayinmu.

A ƙarshe, duk abin da aka cire na asali a adana shi a kwali. Ranar da za a sayar da motar, kwalin nan na iya ƙara mata daraja fiye da sifikokin da aka sa.