ƘARAMIN YOYON TURURIN FETUR A MOTA: YADDA AKE GANO SHI DA GYARA SHI

An shirya wannan bayani ne domin masu motoci da direbobi da kanikawa, musamman na birnin Jos da kewayensa. Kowa ya san haɗarin fetur idan ya zube ƙasa, amma kaɗan ne suka kula da fetur ɗin da ke gudu daga tanki a matsayin tururi, wanda ido ba ya gani.

Dalilin kula da wannan al'amari

Fetur mai ne da ba ya zama shiru. Ko da sanyin asuba yana fitar da tururi, kuma tururin ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta ƙasa ya taru a cikin gareji ko ramin gyaran mota. Tartsatsi guda ko guntun taba ya isa ya tayar da gobara. Ban da wannan, akwai wani sinadari a cikinsa mai suna benzin, wanda likitoci suka tabbatar yawan shaƙarsa na kawo sankarar jini. Haka kuma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, duk abin da ya bi iska kuɗi ne aka yi hasara.

Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. A irin wannan tsayi nauyin iska yana raguwa, shi ya sa ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, kuma fetur ma yakan fi saurin zama tururi. Sa'an nan ga rana mai zafi da dare mai sanyi a lokacin hunturu, abin da ke sa tanki ya riƙa numfashi kullum. Motar da ta taso daga Akwanga ta haura Hawan Kibo kuwa, tururin tankinta yakan kumbura ya nemi mafita.

Yadda na'urar take aiki

Tun shekarar 1971 aka tilasta wa masu ƙera motoci a Amurka su sa na'urar kama wannan tururi. Ga sassanta: tanki da murfinsa mai zoben roba, da ƙananan tiyo, da gwangwani cike da gawayi na musamman, da bawul guda biyu. Idan mota tana tsaye, tururi yakan bi tiyo ya shiga gwangwani, gawayin ya tsotse shi ya riƙe. Idan inji ya yi zafi ana tafiya, sai bawul na farko, wanda ke kusa da inji, ya buɗe, inji ya zuƙe tururin ya ƙone shi tare da mai. Bawul na biyu yana kusa da gwangwani, shi ne ƙofar shigar iska daga waje.

Daga 1996 motocin Amurka suka zo da tsarin kwamfuta mai suna OBD II, wanda ke gwada na'urar da kansa. Kwamfutar takan rufe ƙofofin duka, ta rage iskar da ke cikin tanki, ta tsaya ta ga ko iskar waje za ta kutsa. Da farko tana gano huda mai faɗin milimita 1, daga wajen shekarar 2000 kuma aka kai ga rabin milimita, wato kamar bakin allura. In ta sami yoyo, sai fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban direba. Da yake yawancin motocin tokumbo da ke kan titunan Jos an saye su ne na hannu daga waje, kusan kowane gareji yana cin karo da wannan matsala. Sai dai a lura: galibin motocin da aka ƙera don kasuwar Turai suna da gwangwanin gawayi, amma kwamfutarsu ba ta gwada yoyo. Mai irin wannan mota hancinsa ne fitilarsa.

Alamomi da lambobi

Idan aka jona na'urar bincike, lambar da ta fito ita ce ke nuna girman hudar. P0455 na nufin babban yoyo, P0442 ƙarami, P0456 kuma ɗan mitsitsi. Lambar ba ta faɗin inda hudar take, don haka kada a yarda a sayi sabon kaya a kan lamba kaɗai. Sauran alamomi su ne warin fetur a gefen baya na mota, da wuyar tashin inji bayan an sha mai, da rawar inji a tsaye.

Matakan bincike

Ana farawa ne da abin da ya fi araha.

1. Murfin tanki. A cire shi a duba zoben roba, ko ya bushe, ko ya tsage, ko ƙurar hunturu ta maƙale masa. A goge bakin tanki, a mayar da murfin a murɗa har ya yi ƙara. Idan ya lalace a nemi wanda aka yi don wannan mota, domin murfin da ya shiga ba lalle ne ya toshe ba. Toshe bakin tanki da tsumma ko leda ganganci ne da rai.

2. Wuyan tanki. Damina a Jos tana da tsawo, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma laka kan manne a bayan taya ta ci ƙarfe. Motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara sukan iso da tsatsa tun daga can.

3. Tiyo da mahaɗai. A bi su da tocila daga tanki har inji, a lanƙwasa kowanne a hankali, domin tsaguwa ba ta bayyana sai an lanƙwasa. Ɓeraye ma sukan gurguri tiyo a motar da ta daɗe a ajiye.

4. Bawul na kusa da inji. Ƙa'idarsa shi ne ya kasance a rufe idan babu wuta. A cire shi a gwada da famfon hannu. In iska ta wuce, ya mutu.

5. Bawul na kusa da gwangwani. Shi a buɗe yake, sai an ba shi wuta yake rufewa. Ƙura takan hana shi rufewa sosai, kuma wannan na cikin manyan dalilan ƙaramin yoyo a hanyoyin da ba kwalta.

6. Gwajin hayaƙi. Idan duk waɗannan ba su nuna kome ba, sai a je wurin makanikin da ke da injin hayaƙi. Zai rufe ƙofar iska, ya tura farin hayaƙi a hankali cikin tiyo, ya bi da haske ya ga inda yake ɓullowa. Inda hudar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ruwan sabulu yakan yi kumfa a wurin. Kada a manta da saman tanki, inda zoben famfon mai yake, musamman idan an taɓa canja famfon.

Bayan gyara, fitilar takan mutu da kanta idan mota ta ci gwajin sau uku a jere. Gwajin ba ya gudana sai inji ya kwana ya huce, kuma mai yana tsakanin kashi 15 da 85 cikin ɗari na tanki. Saboda haka rashin ganin fitila kwana ɗaya bayan an goge lamba ba shaidar warkewa ba ne.

Gargaɗi

Kada a hura tanki da iskar mai faci. Ƙarfinta zai fasa gwangwani ya kashe na'urar auna iska, kuma haɗuwar iska da tururi wuta ce ke jiran ashana. Kada a nemi yoyo da ashana ko fitilar kwai ko hayaƙin taba. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da janareto.

A gidan mai, da zarar famfo ya tsaya da kansa, tanki ya cika. Al'adar girgiza mota don a ƙara cusa mai, wadda ta yaɗu a lokutan ƙarancin fetur, takan tura ruwan mai cikin gwangwani ya jiƙa gawayin ya lalace.

Wasu sukan manna baƙar leda a kan fitilar, ko su cire ƙwanta. Wannan fitila guda ce ke sanar da dukan cututtukan inji, don haka wanda ya rufe ta saboda ƙaramin yoyo ba zai sani ba ranar da babbar matsala ta zo. Mai sayen mota ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya tabbata fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi.

A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA don tsare dokokin muhalli, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idodin kayyade abin da motoci ke fitarwa. Amma doka ba za ta duba murfin kowace mota ba, wannan aikin mai mota ne. Ana roƙon direbobin tashar Hanyar Bauchi, da kanikawan Farin Gada da Bukuru, da masu sayar da kayan gyara a Dilimi, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani.