Kifin Ado: A Auna Ruwa Kafin a Sayi Kifi

A Tchibarakaten, can arewacin jihar Agadas kusa da iyakar Aljeriya, inda aka yi ta tururuwar haƙar zinariya tun 2014, ruwa haja ne. Motoci ke kawo shi daga nesa, kowace jarka da kuɗinta. Mutumin can da Allah ya buɗa wa, in ya yi sha'awar ajiye kifi a akwatin gilashi irin na manyan otal-otal, abin da zai fara tambaya shi ne jarka nawa akwatin zai sha. Wannan ita ce tambayar da ta dace, kuma ita ce mutanen Kano da Maraɗi suke tsallakewa don suna da famfo ko rijiya. Sai su fara sayen akwati, sannan su zuba masa duk kifin da ya ba su sha'awa. A ganina an juya abin ne. Girman da kifi zai kai da halinsa su ya kamata su yanke girman akwati da waɗanda zai zauna da su.

Da yawa daga cikin manyan kifayen da masu wannan sha'awa a Turai da Amurka da Japan suke rububi namu ne, na kogin Kwara da tafkin Chadi, akan fitar da su ta Legas suna kamar yatsa. Ƙanƙantar nan ita ke yaudarar mai saye. Yauni yakan wuce mita ɗaya da rabi. Gaiwa da bargi sukan kai mita guda. Giwan ruwa kuwa yakan kusa mita 2, kuma wanda ya san gasar kamun kifi ta Argungu ya san an sha fito da mai fiye da kilo 70. Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce tsawon akwati ya ninka tsawon kifin da ya gama girma kamar sau huɗu, faɗinsa kuma ya fi tsawon kifin, don ya iya juyawa ba tare da ya lanƙwashe ba. A ɗauki kifi mai mita ɗaya. Akwati mai tsawon mita 4, faɗin mita ɗaya da rabi, zurfin mita ɗaya, zai ci lita 6,000, wato jarka 240 mai lita 25, nauyin ruwan kaɗai tan 6. Kuma ba a zuba sau ɗaya a huta. In za a sauya kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, jarka 60 ke nan. Mutumin Tchibarakaten zai ji wannan lissafi a aljihunsa nan take, na birni kuwa sai kifin ya fara ciwo yake ganewa.

Za a ce ai kifi daidai mazauninsa yake girma, a ƙaramin akwati ba ya wuce wuri. Akwai ɗan abin kamawa a maganar, domin girmansa yakan ragu. Amma tsumburewa ce. Kifi yana fitar da amoniya cikin ruwan da yake numfashi a ciki, kuma amoniya guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a injin tace ruwa su ke sauya ta zuwa abin da bai kai ta illa ba, sauran kuma sai an ɗebe tsohon ruwa an zuba sabo. Idan ruwa ya yi kaɗan kifi ya yi girma, gubar ta fi ƙarfin injin, sai ka ga kifi ya daina ci, yana hawowa sama yana buɗe baki, fiffikensa na zaizayewa. Wani kuma zai kawo tarwaɗa hujja, ya ce tana rayuwa cikin taɓo, har a gurabun ruwa na duwatsun Tassili, kamar kwarin Iherir da ke Aljeriya, ana samunta a tsakiyar Sahara. Gaskiya ne. Sai dai tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, gaiwa kuma huhu gare ta, har takan shige laka ta yi watanni tana jiran damina. Yawancin kifayen da za a haɗa su da su ba su da wannan baiwa, su za su fara mutuwa. Zafi ma yana ƙara dagula lamarin, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, amoniya kuma ta fi cutarwa cikinsa.

Batun abokan zama kuwa masunta sun riga kowa saninsa: abin da ya shiga bakin kifi abincinsa ne. Masu kiwon tarwaɗa a kwami suna ware manya daga ƙanana a kai a kai, domin 'yan uwa ma cinye juna suke yi. Giwan ruwan da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 yana cikin manyan dalilan ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200, a tafki mafi girma a Afirka, balle a gilashin da babu wurin gudu. Akwai kuma waɗanda ko bakinsu bai isa haɗiya ba, ba su zaman tare. Minjirya tana sakin lantarki da kan kai bolt 350. Talibambam da haƙoransa masu fasa dodon koɗi yakan gutsure fiffiken maƙwabci. Yauni, wanda Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya nuna a shekarun 1950 cewa yana lalube da ɗan raunin lantarkin da jikinsa ke fitarwa, mafaɗaci ne mai cizo. Kowannensu akwatinsa daban, haka ma gaiwa. Masu cewa in an rene su tare tun suna ƙanana za su saba, suna mantawa cewa ba gudu ɗaya suke girma ba, kuma yawancin farautar da dare ake yin ta, mai gida na barci. Ƙoshi ba ya kashe wannan hali.

Haɗin da ya fi yiwuwa shi ne na kifaye masu kusan girma ɗaya da ba su takarar wuri. Bargi, mai tace ƙananan halittu daga ruwa da laka, zai iya zama da manyan kurungu da ke fakewa a ƙasa, in an sa musu tukwane ko guntayen bututu, aka kuma rufe akwatin da kyau saboda bargi matsallaki ne. Kada a sa ƙaramin kurungu da mai haɗiya: yakan miƙe ƙayoyinsa su kafe a maƙogwaro, a yi asarar duka biyun. Karfasa tana da sauƙin kai har lokacin ƙwai, sannan namijin ya haƙa gurbi ya kori kowa.

Ga wanda ke cikin hamada, inda rana ke shanye ruwa ta bar gishiri yana taruwa, sanyin hunturu da dare kuma yakan iya kashe karfasa, ga injin tacewa da ba ya son ɗaukewar wuta, babban kifi a gilashi wahalar da rai ne. Akwati mai lita 200, jarka 8 ke nan, zai riƙe 'yan ƙananan kifaye lafiya da jarka biyu a mako. Wanda ya nace sai babba, ya gina kwamin siminti a inuwa, ya tanadi sola da batir, ya sa kifi ɗaya.