Tuƙin jirgi mai saukar ungulu: san hukumar da za ta ba ka lasisi kafin ka biya kuɗin makaranta

Wani ɗan unguwarmu a Maraɗi ya shafe shekaru yana aikin lodi a wani ɗakin ajiyar kaya a Beljiyam. Ya yi ta tara kuɗi, ya koyi tuƙin jirgi mai saukar ungulu har ya samu ƙaramin lasisi, wanda ke ba mutum damar tashi don kansa amma ba a biya shi ba. Da ya so ya mayar da abin sana'a, sai ya shiga intanet ya yi rajista da wata makarantar Birtaniya mai koyarwa daga nesa. Yana karatu da dare bayan tashi daga aiki, yana ƙetarawa can ya zana jarrabawa, har ya ci takarda bakwai.

Ranar da ya kai sakamakonsa makarantar tuƙin da ke kusa da shi a Beljiyam, aka shaida masa cewa ba zai yi masa amfani ba. A ƙarƙashin hukumar Birtaniya ya zana jarrabawar, alhali lasisin Tarayyar Turai yake nema. Ya ce mini babu wanda ya cuce shi. Akwai gurbin zaɓen hukuma a takardar rajista, shi ne bai san bambancin ba. Dole ya koma takarda ta farko.

Labarinsa ne ya sa muka bi diddigin wannan mataki da ba a cika nunawa a bidiyon TikTok ba: karatun ƙasa, wato darussan aji da jarrabawar rubutu da ake ci kafin a ba mutum lasisin tuƙi na kasuwanci, wanda ake kira CPL(H).

Hukuma ce ke ba da lasisi

Makaranta koyarwa take yi, ta kuma ba da shaidar cewa ɗalibi ya isa shiga jarrabawa. Lasisin kansa hukumar sufurin jiragen sama ta wata ƙasa ce ke bayarwa, kuma kowace hukuma da tata jarrabawar.

A Turai, ƙasashe 31 ne ke bin dokokin hukumar EASA: 27 na Tarayyar Turai, da Norway, Iceland, Switzerland da Liechtenstein. Birtaniya ta fice daga wannan tsari a ƙarshen shekarar 2020, yanzu hukumarta ta CAA na da nata lasisin daban. Amurka na da FAA, Afirka ta Kudu na da SACAA, Najeriya na da NCAA, mu kuma a Nijar muna da ANAC. Duka suna bin ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, amma hakan ba ya nufin jarrabawar wannan za ta shiga a wancan kai tsaye.

Nauyin karatun ma ba ɗaya ba ne. A tsarin EASA takarda 13 ake zanawa, kuma sai an samu kashi 75 cikin 100 a kowace. A Amurka, jarrabawar rubutu ta lasisin kasuwanci ɗaya ce, tambaya 100, ana ci da kashi 70, sannan mai jarrabawa ya yi wa ɗalibi tambayoyin baki ranar gwajin tuƙi. Wanda ya ɗauki lasisin Amurka don sauƙi, daga baya ya nemi aiki a Faransa ko Jamus, zai tarar da takardun Turai suna jiran sa.

Mai niyyar dawowa gida shi ma da nasa. Jirgin da ke da rajistar Nijar, wanda lambarsa ke farawa da 5U, sai da lasisin Nijar ko amincewar ANAC da lasisin waje ake tuƙa shi. Haka yake ga jiragen Najeriya masu lamba 5N da hukumar NCAA. Saboda haka tambayar farko ita ce: a wace ƙasa nake so in yi aiki, kuma ina da takardun zama da na aiki a can? Amsar ita ce za ta zaɓa maka hukuma, hukumar kuma ta taƙaita maka jerin makarantu.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ke yawo tsakanin masu sabon bak. Makarantar EAMAC da ke Yamai, wadda ke ƙarƙashin ASECNA, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, masana yanayi da ƙwararru kan na'urori. Ba makarantar matuƙa ba ce. Mafi kusa da mu su ne na Najeriya, irin kwalejin NCAT ta Zariya da aka kafa a 1964, da makarantar jirage masu saukar ungulu ta Enugu, kuma lasisin Najeriya ake fita da shi daga can.

Ga likita tukuna

Ana iya fara karatun ƙasa ba tare da takardar lafiya ta aji na ɗaya ba, amma ba a samun lasisin kasuwanci sai da ita. Ana duba ido, da iya bambance launuka, da ji, da zuciya, da jini. Mutane da yawa ba su san ba sa bambance ja da kore yadda ya kamata ba sai ranar wannan gwaji. Ciwon sikila, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, yana daga cikin abubuwan da ke hana samun takardar a tsarin Turai. Gwajin farko ana yin sa ne a cibiyar da hukuma ta amince da ita, ba wurin kowane likita ba. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da na karatu. Rigakafi ya fi magani: a yi shi kafin a biya ko dala ɗaya ga makaranta.

Wa'adin da ke cin mutane

A tsarin EASA, wanda ke bin karatu mataki-mataki sai yana da ƙaramin lasisi kafin ya shiga kwas ɗin CPL(H), sannan ya yi aƙalla awa 250 na karatun ƙasa. Daga nan lissafin kwanaki ke farawa.

Shaidar da makaranta ke bayarwa ta shiga jarrabawa wata 12 take yi. Daga ƙarshen watan da ɗalibi ya zana takardarsa ta farko, yana da wata 18 ya kammala duka 13. Zama shida kawai aka yarda masa, kuma ba ya gwada takarda ɗaya fiye da sau huɗu. Idan ya ƙetare ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki, duk abin da ya ci ya rushe, sai ya ƙara karatu ya sake duka. Bayan ya gama kuma, sakamakon wata 36 yake aiki: a cikin wannan lokaci dole ya cika awoyin tuƙi, ya ci gwajin sama, ya karɓi lasisi.

Wannan wa'adi na ƙarshe shi ne ya fi shafar ɗan ci-rani mai tara kuɗi kaɗan-kaɗan. Ana buƙatar awa 155 a sama kafin a fara horon tuƙi na kasuwanci, da awa 185 gaba ɗaya kafin a ba da lasisi. A ce awa ɗaya a ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin Robinson R22 ko Cabri G2, ta tashi Yuro 400. A canjin sefa 655 da ɗoriya kan Yuro ɗaya, jika 262 ke nan. Awa 155 za su haura miliyan 40 na sefa. Kuɗin karatun ƙasa ɗan ƙaramin kaso ne na wannan, shi ya sa wasu ke gaggawar farawa da shi. Amma wanda ya ci jarrabawa yau alhali ba shi da kuɗin cika awoyi cikin shekara uku, ya yi wahalar banza.

CPL ko ATPL?

Makarantu kan ajiye wa ɗalibi zaɓi biyu. Karatun CPL(H) ya ishi mai tuƙi shi kaɗai: yawon buɗe ido, ɗaukar hoto daga sama, feshin gona, duba layin wuta ko bututun mai. Na ATPL(H) ya fi zurfi: awa 550 ga mai ƙaramin lasisi, ko 650 idan an haɗa da karatun tuƙi da na'ura cikin gajimare da hazo. A dokar Turai, sai da shi ake hawa manyan jiragen da matuƙa biyu ke tuƙawa, irin masu kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku. Wanda burinsa can yake, gara ya ɗauki mai zurfin tun farko da ya zauna jarrabawa sau biyu. Wanda kuma aikin mutum ɗaya yake nema, bai kamata ya bari a sayar masa da abin da ba ya buƙata ba.

Abin da za ka tambayi makaranta

Na farko, lambar amincewa. Duk makarantar da aka amince da ita tana da takardar shaida mai lamba, wadda ke nuna hukumar da ta ba ta da kwasa-kwasan da aka yarda ta koyar. Kada ka tsaya ga hoton da suka turo ta WhatsApp. Shiga shafin hukumar ka duba sunan da kanka, ka tabbata akwai harafin H a jikin kwas ɗin. Wasu sanannun makarantu, irin Bristol Groundschool a Birtaniya, suna shirya ɗalibai ga tsarin CAA da na EASA duka, don haka sai an lura da wanda aka zaɓa. A Faransa akwai irin su Institut Mermoz ga mai son karatu da Faransanci.

Na biyu, wa ke koyar da darussan jirgi mai saukar ungulu? Yawancin makarantu don masu jirgi mai fiffike aka gina su. Dokokin sama, yanayi da taswira kusan ɗaya ne ga kowa. Amma yadda babbar farfela ke ɗaga jirgi, da aikin ƙaramar farfelar wutsiya, da yadda ake sauka lafiya idan inji ya mutu a sama, ilimi ne daban. Haka lissafin nauyi da ƙarfin jirgi: a zafin watan Afrilu na Tawa ko Agadas iska kan yi sauƙi, jirgin da ya ɗauki mutum huɗu da asuba ba lalle ya iya ɗaga su da azahar ba. Nemi malamin da ya taɓa tuƙa irin jirgin, ka kuma nemi a nuna maka babi ɗaya na littafinsu kafin ka biya.

Na uku, karatu daga nesa ba ya nufin ba za ka yi tafiya ba. Dokar Turai ta ce aƙalla kashi 10 cikin 100 na kwas ɗin sai a aji tare da malami. Wasu makarantu na yin sa ta bidiyo kai tsaye idan hukumarsu ta yarda, amma jarrabawar kanta a cibiyar hukuma ake zana ta. Ga wanda ke zaune a Damagaram ko Yamai, kowane zama na nufin biza, tikiti da masauki, kuma tun da ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Yamai a farkon 2024, neman biza ya ƙara nisa. Tambayi inda cibiyoyin suke, da sau nawa ake zama a shekara. Jiran biza ba ya tsayar da wa'adin wata 18.

Na huɗu, harshe. Ana iya zana jarrabawa da Faransanci a Faransa, amma aiki a ƙasashen waje na buƙatar Ingilishi aƙalla mataki na 4 cikin 6 na ICAO. Wanda ya yi bak da Faransanci ya auna kansa da gaskiya: lissafi da kimiyyar lise sun isa a fara da su, amma fahimtar tambaya mai tarko cikin harshen da ba ka ƙware ba, da agogo yana tafiya, wani abu ne daban.

Na biyar, yi hattara da mai yi maka alkawarin tambayoyin jarrabawa. EASA ba ta wallafa rumbun tambayoyinta. Waɗanda ake sayarwa a intanet an haɗa su ne daga abin da ɗalibai suka tuna, suna da amfani wajen bita, amma ba sa maye gurbin littafi. Tambayi makaranta ɗalibai nawa na jirgi mai saukar ungulu suka ci a zama na farko, ba jimillar da ta haɗa da masu jirgi mai fiffike ba, ka kuma nemi a haɗa ka da wani tsohon ɗalibi.

Na ƙarshe, yarjejeniya. Me kuɗin ya ƙunsa? Littattafai, kuɗin jarrabawar da ake biyan hukuma, ƙarin wa'adi idan aiki ko rashin lafiya ya tsayar da kai? Idan aka hana ka biza, nawa za a mayar maka? Biya kashi-kashi ya fi zube kuɗi gaba ɗaya, ko da an yi ragi. Araha ba ta ado.

Ɗan unguwarmu yanzu yana ƙarƙashin hukumar da ta dace, ya sake cin takardun da ya rasa, saura shida. Ya ce karatun bai yi masa wuya karo na biyu ba, kuɗin tafiye-tafiyen da watannin da suka wuce ne ba za su dawo ba. Ƙannensa biyu a Maraɗi sun fara tambayar sa hanya. Abin da ya fara sa su yi shi ne gwajin ido.